Tsohon filogin a sabuwar kwamfuta: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka?

Ka sayi sabuwar kwamfuta, ka buɗe kiɗan da ka haɗa shekara goma baya, sai ka ji layin fiyano shiru, filogin ɗin (ƙaramar manhajar sarrafa sauti da ake jonawa cikin manhajar haɗa kiɗa) da ke ba shi ɗumi ya ɓace daga jeri. Lafiyarsa ƙalau. Yawancin tsofaffin nan 'yan bit 32 ne, wato tsohon tsarin gina manhaja, da yawa daga manhajojin haɗa kiɗa na yanzu kuwa sabon tsarin bit 64 kawai suka sani. Logic Pro X ya rufe musu ƙofa tun 2013, Cubase 9 ya bi sahu a 2016, Ableton Live 10 a 2018.

Ni dai duk wanda ya tambaye ni, manhajar haɗa kiɗa ta Reaper a kan Windows nake nuna masa. Gadar da ke haɗa 32 da 64 a cikinsa take, ba sai ka sayi wani abu ba. Ka nuna masa foldar da tsofaffin suke, ya leƙa, ya jero su. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne kana iya sa kowane filogin ya yi aiki a keɓe, ta yadda in ya faɗi shi kaɗai zai faɗi, bai ja aikin dare guda ya tafi da shi ba. Yana ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rage komai ba, don haka ka gwada naka ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya. Aibinsa bai wuce tagar tsohon filogin ta fito 'yar mitsitsiya a babban allo ba, sai ka matso ka ƙura ido kafin ka ga maɓallan. Na yarda da wannan.

FL Studio ma yana da gadarsa, in can ka saba ka zauna. jBridge, wata gada da ake sakawa daban, yana aiki, amma ƙarin kaya ne a tsakani. Mai Mac kuwa ya haƙura: tun fitowar tsarin Mac mai suna Catalina a 2019 bit 32 ya mutu a can, Rosetta 2 kuma, mai fassara wa sababbin Mac manhajojin da aka yi don Intel, masu bit 64 kawai yake fassarawa.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan. In ka ga shafi yana tallar "sabon zubin bit 64" na filogin da kamfaninsa ya rufe tuntuni, ka tambayi kanka wa ya rubuta shi. Na taɓa sauke irinsa. Fayil ɗin ya nemi in kashe manhajar tsaro kafin ya shiga, na kashe da hannuna. Washegari muryoyin mutum uku da na ɗauka duk sun kulle, sunayensu sun koma wasu haruffa. Har yau in na tuna fuskar mawaƙiyar da na ce wa ta dawo mu sake, sai gabana ya faɗi.

Haka masu sayar da lasisi na hannu. Wani lamba ɗaya yake sayar wa mutum biyar, wani hoton rasit kawai zai turo maka. In lasisin na iLok ne, wato tsarin ajiye lasisin manhaja a asusu, sai ka gan shi ya shigo asusunka ta hanyar canja mai shi a hukumance kafin ka saki ko sisi. In mai sayarwa ya ce zai ba ka kalmar sirrin asusunsa a maimakon haka, rufe hirar.