Asibitin Dabbobi Bayan Rasuwar Mai Shi: Abin da Na Tarar

Wata bakwai bayan rasuwar likitan dabbobin da na yi shekara uku ina koyon aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa da rahama, larura ta mayar da ni asibitinsa a matsayin mai dabba da ya zo neman magani. Na daɗe ina kauce wa wurin, domin ina gudun in tarar da allon suna yana nan amma aikin ya bi mai shi. Muzuruna ne ya tilasta mini zuwa, bayan ya wuni yana shiga akwatin yashinsa yana fita, yana nishi yana kuka, amma ko ɗigon fitsari bai fito ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya san cewa wannan ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, saboda haka 'yan ƙananan duwatsu ko wata majina mai kauri suna iya toshe ta. Idan ta toshe, mafitsara takan cika ta yi tauri, ƙoda ta kasa tace jini, sinadarin fotashiyam ya taru har ya dagula bugun zuciya, dabbar kuma tana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Abin da na fara lura da shi ke nan tun daga bakin ƙofa: ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi, wadda ban taɓa gani ba, ta tambaye ni yaushe rabonsa da fitsari, da ta ji amsa kuma sai ta tsallake da mu gaban mutum biyar da muka tarar, ta ba su haƙuri da kanta. Wannan dokar marigayin ce, cewa layi na masu rigakafi ne, ba na dabbar da ranta ke hannun Allah ba, kuma na ji daɗi da na ga an koya wa sabuwar ma'aikaciya ita.

Likitar da ta duba shi tana cikin ɗalibansa na ƙarshe, kuma ba sai an gaya mini ba, domin hannunta ya riga na'ura isa jikin dabbar. Ta ɗaga leɓensa ta duba launin dasashi, ta saurari ƙirjinsa, ta auna zafin jikinsa, wanda a lafiyayyar kyanwa yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, sannan ta lalubi mararsa a hankali ba tare da ta matsa ba. Daga nan ta tambaye ni ko na ba shi wani magani a gida. Na san inda tambayar ta samo asali. Marigayin ya sha ganin kyanwar da mai ita ya ba ta farasitamol don tausayi, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda ta ɗan Adam take yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya ɓata mata jini ta halaka ta. Bai taɓa yi wa irin waɗannan mutane tsawa ba, amma ba ya barin kowa ya fita daga ɗakinsa bai ji wannan gargaɗi ba.

An ɗebi jinin muzurun aka gwada kafin a sa masa maganin barci, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka zura siririyar roba aka buɗe hanyar, aka wanke mafitsarar. Ya kwana biyu a wurin. Ranar sallama likitar ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa ciwon yana iya dawowa, musamman a makonnin farko, kuma kariyarsa ita ce yawan shan ruwa, da abinci mai laima, da tsabtar akwatin yashi, da rage abin da ke tayar masa da hankali a gida. Ba ta yi mini alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, kuma wannan ma halin marigayin ne.

A nan dole in tsaya kan mutumin da kansa, domin ba za a fahimci asibitin ba sai an san shi. A watana na biyu a wurinsa aka kawo wani kare mai zazzaɓi da kasala, ni kuwa da rawar kan sabon shiga har na zuƙi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sirinji. Ya karɓi sirinjin ya ajiye ba tare da ya kunyata ni a gaban mai karen ba, ya sa na nemo kaska a kunnen dabbar, sannan ya sa na ɗiga jini a kan gilashi na shafa, na rina, na duba a madubin likita. A cikin jajayen ƙwayoyin jini na ga ƙwayar cutar da kaska ke yaɗawa, wadda maganin da na zuƙa ba zai yi mata komai ba. Sai da mai karen ya tafi ya gaya mini cewa allurar da aka yi ba tare da sanin ciwo ba tana kwantar da hankalin mai dabba ne kawai, ita dabbar kuwa tana nan da cutarta. Yana kuma da son tarihin sana'arsa. Yakan ba mu labarin makarantar likitancin dabbobi ta farko da aka buɗe a birnin Liyon na Faransa a ƙarni na 18, lokacin da annobar shanu ke cinye garkuna, ya kawo mu har 2011 da aka bayyana cewa an kawar da cutar bushiya, wato waccan annoba ta shanu, daga doron ƙasa, cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Darasin da yake fitarwa daga labarin kullum ɗaya ne, wato rigakafin da ya rasa sanyi ya tashi daga aiki.

Shi ya sa, da aka ba ni izinin leƙa ɗakin magani, firij na fara dubawa. Takardar tana nan manne a ƙofarsa, ana rubuta sanyinsa safe da yamma, kuma duk lambobin da na karanta suna tsakanin digiri 2 da 8 kamar yadda ya kamata. Katin rigakafin 'yan kwikwiyo ma bai canza ba: ana farawa a mako shida zuwa takwas, ana maimaitawa har mako goma sha shida, ana yin na haukan kare daga wata uku.

Amma ba komai ne ya tsira ba, kuma ɓoye hakan ba zai zama girmamawa gare shi ba. A daren farko na buga lambar gaggawa sau uku don in ji halin da muzurun ke ciki, ba wanda ya ɗauka, ba a kuma neme ni ba sai hantsin washegari. A zamanin marigayin wayar tana ƙarƙashin matashin kansa. Na yarda cewa ba adalci ba ne a ce kowa sai ya rayu yadda ya rayu, domin mutum ne da bai san hutu ba, kuma mu da muke kusa da shi mun ga abin da hakan ya yi wa lafiyarsa. Maganin abin shi ne a raba aikin dare tsakanin likitoci, ko a faɗa wa mutane ƙarara cewa ba a amsa waya bayan ƙarfe kaza, a nuna musu inda za su nufa. Haka kuma ba a yi mini ƙiyasin kuɗin aiki kafin a fara ba, sai da na tambaya sau biyu, kuma ɗakin jira ya matse har karnuka da kyanwoyi suna zaman ido da ido, abin da ke firgita kyanwa tun kafin ta ga likita.

Ga mai neman wurin da za a binciki dabbarsa kafin a tsira mata allura, ina ba da shawarar wannan asibiti ba tare da shakka ba, musamman da rana. Wanda dabbarsa ke da ciwon da zai iya tashi da tsakar dare kuwa, ya tambayi tsarinsu na gaggawa tun da wuri, ya kuma tanadi wata lambar.

Da na koma bayan mako biyu aka sake duba shi, likitar ta ciro katin muzurun daga ma'ajiya. Layukan farko rubutun marigayin ne, tun ranar da na kawo shi yana ɗan wata biyu, kuma a gefe ya rubuta cewa a riƙa lura da shan ruwansa. Ta ja layi a ƙarƙashin wannan jumla, ta rubuta nauyinsa na ranar, ta ba ni wata uku in dawo da shi.