Gyaran bindigogin sojan Amurka: ma'aikatar gwamnati ko ɗan kwangila?

Kafin rundunar sojan Amurka ta miƙa wa kamfani gyaran bindigogi irin su M4 da M240, sai ta fara binciken kasuwa. Ana buga sanarwa a SAM.gov, shafin intanet da gwamnatin Amurka ke tallata kwangilolinta, a nemi jin wa ke da lasisin riƙe bindiga mai sarrafa kanta daga ATF (hukumar da ke sa ido kan bindigogi a Amurka), wa ke da rumbun ajiya mai tsaro, kuma guda nawa zai iya gyarawa a wata. Sanarwar ba kwangila ba ce, auna ƙarfin kasuwa ne kawai.

Gyaran da gwamnati ke yi da kanta ana yin sa a manyan ma'aikatun soja kamar ta Anniston a jihar Alabama. A kwance bindiga gaba ɗaya, a auna zaizayar cikin bututu, a duba tazarar da ke tsakanin sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi daga baya) da mazaunin harsashi, a sauya abin da ya gaji, sannan a gwada harbi. Idan tazarar ta wuce ƙima, kwanson harsashi na iya tsagewa a ciki. Ƙwarewar tana zama a hannun gwamnati, sai dai lokacin yaƙi aiki kan taru, jira ya yi tsawo.

Ɗan kwangila ya fi saurin ƙara ma'aikata. Inda gizo ke saƙa shi ne zanen ƙira: idan kamfanin da ya ƙera bindigar ke da haƙƙinsa, babu gasa, farashi sai yadda ya yanka. Ga kuma ɗawainiyar bin lambar kowace bindiga a hanya, zuwa da dawowa.

Doka ma ta sa iyaka: ba a ba 'yan kwangila fiye da kashi 50 cikin ɗari na kuɗin babban gyara a shekara.