Zaɓen Kariya ga Takardun Shaida da Rasit: Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Biya Madaba'a

Duk mai makaranta ko sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Bauchi da ya je madaba'a domin buga takardun shaida ko littafin rasit, zai tarar an jera masa hanyoyin kariya iri-iri, kowacce da farashinta: hatimin roba, hatimin ƙarfe mai fitar da tudu, sitika mai walƙiya, lambar QR, takarda mai alama a cikin jikinta, da kuma saƙar siraran layuka da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rubutu. Ma'aunin da nake auna su da shi guda ɗaya ne, wato ko yaron da ke da sikana da firinta mai launi a shagon kwamfuta zai iya kwaikwayon abin cikin yini guda.

Hatimin roba ba ya buƙatar dogon bayani, domin duk wanda ya ga tambarinsa a takarda zai iya sa a sassaƙa masa irinsa kafin la'asar. Na ƙarfe ya ɗan fi shi, tunda fotokwafi ba ta ɗaukar tudu, amma shi ma ana ƙera shi ga duk wanda ya biya.

Sitika mai walƙiya ita ce masu saye suka fi ruɗuwa da ita. Asalinta abu ne mai ƙarfi: kamfanin katin banki na MasterCard ya sa ta a katinsa a 1983, Visa ya biyo baya a 1984, kuma nasu hoto ne da aka ƙera musu su kaɗai da na'urori masu tsada. Wadda ake sayarwa a naɗe a kasuwa kuwa ba ta ɗauke da sunan kowa, sai wata kalmar Turanci da ke cewa abin na asali ne, kuma mai jabu yana sayen irinta a inda mai gaskiya ya saya. Wata ƙungiya da nake riƙe wa littafin kuɗi ta taɓa tarar da rasit na jabu suna yawo a hannun mambobinta ɗauke da sitika iri ɗaya sak da tamu, kuma sitikar ce ma ta sa mutane suka miƙa kuɗinsu hankali kwance. Idan ba a ƙera ta da sunan makaranta ko ƙungiya a cikin walƙiyar kanta ba, ado ce kawai.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne aikin mai zane, wato saƙar layuka. Mai karatu ya ɗauko Naira biyar mai hoton Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Naira ɗari biyu mai hoton Sardauna, ya dubi bayan hoton da gefunansa da kyau. Zai ga abin da ya ɗauka launi ne a shafe, ashe layuka ne sirara masu lanƙwasa da ke ratsa juna bisa lissafi. Dabarar tsohuwa ce, domin kan sarki na farko da Ingila ta fitar a 1840 yana da irin wannan saƙa a bayan hoton Sarauniya Biktoriya. Dalilin da ya sa take aiki har yau yana cikin yadda injuna ke buga launi. Firinta ta ofis da injin fotokwafi suna haɗa kowane launi ne daga ɗige-ɗigen tawada huɗu, shuɗiya da ja-ja da rawaya da baƙa, alhali injin madaba'a mai aiki da faranti, wato fallen da ake sauke zanen a kansa domin bugawa, yana iya buga layi ɗaya miƙaƙƙe da tawadar da aka dama musamman. Idan aka kwafi irin wannan layi sai ya tsinke ya koma ɗige-ɗige, kuma ƙaramin gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ya isa ya tona asirin. A cikin saƙar ne kuma ake ɓoye ƙananan haruffa, ta yadda layin da ake sa hannu a kansa zai kasance sunan makarantar ne aka maimaita, wanda ido ke ganinsa kamar zare amma kwafi ke mayar da shi dabbare-dabbare. Mai zane da ya san aikinsa zai iya gina saƙar daga dagin Arewa ko daga adon allon zayyana, abin da ya dace ƙwarai da shahadar saukar Alƙur'ani ta makarantun Islamiyya, kuma hakan na sa ta zama ta mai ita shi kaɗai. Kuɗin zanen sau ɗaya ake biyansa, kuma wannan ya sa a ganina ta fi sauran araha idan aka yi lissafin shekaru.

Lambar QR, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 kuma aka sa ta a Naira ɗari ta 2014, nuni kawai take yi zuwa wani wuri, kuma kowa na iya haɗa tasa kyauta. Tana da amfani ne kawai idan makarantar na da rajistarta a intanet wadda za a duba suna da lamba a ciki. Takarda mai alama a jiki, wadda aka fara yi a garin Fabriyano na Italiya tun ƙarni na 13, kariya ce ta gaske, sai dai a masana'antar takarda ake saka alamar, saboda haka ta fi ƙarfin ƙaramar makaranta.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara, domin akwai masu buga alama da tawada mai hasken toka a saman takarda su ce alamar jiki ce. Ta gaskiya sai an ɗaga takardar ga haske take bayyana sosai, ta jabu kuwa tana nan a fili ko da takardar na kwance a tebur. Haka ma saƙar layuka tana da nata 'yan damfarar: wasu suna sauko da zanen gefe daga intanet su sayar wa makarantu goma, wasu kuma su karɓi kuɗin aikin faranti su buga da firinta. Mai saye ya nemi samfuri, ya duba shi da gilashi a gaban mai madaba'ar kafin ya ba da kafin alƙalami.

Babban haɗarin ma daga cikin madaba'a yake fitowa, domin takardar da aka buga da farantin asali ba ta da wata alamar da za a gane ta da ita. Idan an yi odar dubu aka buga dubu da ɗari, wannan ɗarin za ta iya fita ta bayan gida. Manyan kamfanonin buga takardun tsaro, irin kamfanin buga kuɗi na ƙasa da aka kafa a 1963, suna aiki ne bisa ƙidayar takardun da suka shiga inji da waɗanda suka fito, kuma mai ƙaramin aiki ma yana da ikon neman haka. A rubuta yarjejeniya cewa zanen mallakar mai saye ne, a sa lambar jeri a kowace takarda, a ƙirga waɗanda suka lalace a ƙone su a gaban wakili, sannan a karɓo faranti a tafi da shi. Idan Jos ko Kano ko Kaduna za a kai aikin, kamar yadda wasu masu madaba'a ke yi ba tare da sun faɗa ba, to a tambayi sunan wurin tun farko, kuma wakilin mai saye ya kasance a can ranar bugawa.