Yaya an ba mu makullin gidan Buruklin, amma tsaya ka ji

Yaya barka da warhaka, ya su Hajiya da yara. Maganar gidan nan da kake ta tambayata an gama Alhamdulillah, ranar Alhamis muka sa hannu. A unguwar Bed-Stuy yake cikin Buruklin, a birnin New York, tafiyar ƙafa ce zuwa titin Fulton inda Masallacin Taqwa yake na Imam Siraj Wahhaj, dama abinda ya fara jan hankalina kenan, ga jirgin ƙasa na A da C a kusa.

Kar ka kawo irin gidanmu na Kano a ranka. Ba katanga ba zaure, gidaje ne a jere kamar haƙora kowa bangonsa manne da na maƙwabcinsa, siriri ne hawa uku, da matattakala daga bakin titi har ƙofa. Yawancinsu tun wajen 1890 aka gina su da jan dutse a fuska. Namu na iyali biyu ne, mu a sama ɗan haya a ƙasa, kowa da ƙofarsa da mitarsa, kuɗin hayar ne ke rage mana nauyin biyan wata.

Abinda ya burge ni wallahi takarda ce. Ka tuna filin nan da aka sayarwa mutum uku mu na huɗu, har gaban mai unguwa aka je kowa da shaidunsa? Nan kafin ka biya ko sisi lauyanka da lauyan mai gida sai sun zauna, akwai kamfanin da aikinsa kawai ya bi tarihin gidan ya ga ko ana bin sa bashi ko haraji ko akwai magajin da bai sa hannu ba, har inshorar takardar ake saya. Ni da kaina na shiga ACRIS a waya, rajistar birnin ce, na ga duk wanda ya taɓa mallakar gidan a shekarun baya da nawa wanda ya sayar min ya saya. Da na ga ribar da ya ɗora sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

To amma aikin hannu fa, nan ne gizo ke saƙa. Masu sayen tsohon gida su gyara su sayar sun iya kwalliya, kicin sai ƙyalli, tayil fari tas, fitilu a silin kamar otal, madam tana shiga tace shikenan an gama. Sai muka ɗauko mai duba gida, wani dattijo da tocila, awa uku yana abu ɗaya, ya hau rufi ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kira ni yace zo ka gani. Bututun bahaya tsohon ƙarfe ne ya yi tsatsa an bi shi da fenti, tukunyar ɗumama gidan ta girme ni, katakon da ke riƙe da benen kicin ruwa ya ci gefensa. Kyan ɗan maciji kenan. Bangon ciki kuma ba bulo bane, allo ne, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar kwali, ɗan autana ya riga ya huda ɗaya da keke. Da rahoton dattijon nan lauya ya sa aka rage mana kuɗi, shi kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A gida kai ke tsaye kan birkila kana ƙirga buhun siminti, ka san abinda ke cikin bangonka, nan in ba ka ɗauko mai duba ba cinikin biri a sama ka yi.

Kuɗin ya haura dala miliyan ɗaya, kuma da zarar ya kai miliyan akwai wani haraji na kashi 1 cikin 100 da mai saye ke biya wai na gidan alfarma, gidan da faɗinsa bai kai zauren Baba da ɗakin baƙi ba. Bashin ruwa muka gujewa, muka bi ta kamfanin Musulunci mai tsarin musharaka, su da kaso mu da kaso muna saye a hankali shekara 30.

Haya kuma kar ka ce irin taku ce ta shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wata-wata ne, kuɗin ajiya doka ta hana ya wuce na wata ɗaya, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole ka ɗumama wa ɗan haya gida in ba haka ba ya buga 311, lambar kai ƙorafi ta birnin, hukuma ta zo, in ya daina biya sai kotu kuma a daɗe ana yi. Dusar ƙanƙara ta sauka kai zaka share gaban gidanka ko a ci ka tara. Fulamba zuwansa kawai kuɗi ne kafin ya taɓa komai, yanzu ni ne fulamba da YouTube.

Unguwar kuma tana sauyawa a idonka. Da ta baƙaƙen Amurka ce da ƴan Karibiyan, yanzu matasan turawa na ta shigowa da karnukansu, kusa da shagon ɗan Yaman an buɗe wajen shan kofi da kofi ɗaya ya kai kuɗin farantin shinkafa a wajen ƴan Senegal. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce tun tana yarinya take gidan, ta nuna min tarin katunan da ake cusa mata ta ƙofa wai za a saya kuɗi hannu, tace ana ma yaudarar tsofaffi su sa hannu a kwashe musu gida, kaga takardar ma ba ta tsira ba. Ta kalle ni tace gara kai. Ban san me zan ce mata ba, don kuɗin da na biya shi ne ke kawo mata katunan.

Dan Allah kar a yaɗa a dangi wai na sayi bene a Amurka, kasona a ciki yanzu bai wuce kicin da matattakala ba. In Alhaji zai taho a ba shi yaji da kuka.