Fotal ɗin jami'ar su Auta: gwani wajen karɓar kuɗi, kurma wajen amsa tambaya

Ni ne babba a gidanmu. Saboda haka da Auta ta samu gurbin karatu a jami'a, ba sai an zauna taro ba, kowa ya san a wuyan wa rajista za ta rataya. Koyarwa nake yi a wata sakandare, a garin da ke da tafiyar awa uku a mota zuwa jami'ar, kuma a can ni ma na yi nawa digirin, na gama a 2010. Ba zan kama sunanta ba. Ta tarayya ce dai, a nan Arewa take, kuma na san da yawa za su karanta su ce wallahi tasu nake nufi. Zango biyu ke nan cur ina shiga shafinta na intanet da fotal ɗin ɗalibai, wato shafin da ɗalibi ke shiga da lambarsa ya biya kuɗi ya yi rajista, da wayata, da datata, wani lokacin da tsakar dare mutanen gida na barci.

Yabon gwani ya zama dole, bari in fara da inda suka burge ni. A zamaninmu biyan kuɗin makaranta aikin kwana biyu ne. Ka yi sammako zuwa banki, ka bi layi har rana ta take, ka karɓi tela, wato takardar shaidar biya ta banki, ka kai ofishin kuɗi a canza maka da rasit, in rasit ɗin ya jiƙe da zufa a aljihu kuma ka shiga uku. Yanzu fa? Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin jami'o'inta ta Remita suke bi, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet. Na shiga fotal da lambar Auta, na danna, ya fito min da lambar biya mai alƙaluma 12, wadda ɗalibai ke kira RRR. Na biya da katina ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida bayan la'asar. Kafin a kira magariba fotal ya shaida kuɗin sun shiga, ya buɗe mata shafin rajistar kwasa-kwasai. Ban taka ko'ina ba. Inna da na gaya mata an gama sai ta ce, "Kai dai duba da kyau, kuɗi ba sa tafiya haka babu wanda ya ƙirga su."

Sakamakon jarrabawa ma haka. Mu a bango ake manna mana, kowa ya zo ya ga wanda ya kwaso kariyoba, har wanda ba ajinku ɗaya ba ya san sirrinka. Auta kuwa a wayarta ta ga nata ita kaɗai, sai wanda ta ga dama ta nuna wa. Wannan ci gaba ne na gaske.

Daga nan kuma yabo ya ƙare.

Abin lura shi ne, yaran yanzu kafin su iso jami'a sun riga sun saba da tsarin da ke magana a fili. Auta ta tura lambarta ta NIN zuwa 55019 ta samu lambar buɗe rajistar JAMB. A kwamfuta ta zauna jarrabawar, kamar yadda kowa ke yi tun 2015. Gurbin ma a CAPS ta gan shi, tsarin da hukumar ta kawo a 2017, inda zaɓi biyu ne rak a gabanka: ka karɓa ko ka ƙi. Yarinyar da ta ratso wannan duka, sai ta zo shafin jami'arta ta tsaya tana kallo kamar baƙauye a tashar jirgi.

Da ka buɗe shafin farko, hoton shugaban jami'a ne zai tare ka, ya zame, hoton ginin majalisar jami'a ya shigo, ya zame, sai na bikin yaye ɗalibai, sai na baƙin da suka kawo ziyarar ban girma. Hotunan manya-manya ne, a garinmu da sabis ke zuwa yana ɗaukewa sai ka jira minti biyu kafin su gama sauka. Kuma ba kyauta suke sauka ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane hoto na san da kuɗina nake kallonsa. Alhali ni abin da ya kawo ni tambaya huɗu ce: yaushe, nawa ne, a ina, wa zan gani? Duk mai shiga shafin jami'a, uba ne ko ɗalibi, ɗaya daga cikin waɗannan ce ta kawo shi. Babu ko ɗaya da aka amsa a fuskar shafin. Sai ka kutsa wani lungu da aka rubuta wa "labarai", ka yi ta gangarawa.

Can ɗin ma abin da za ka tarar takarda ce aka buga, aka sa hannu, aka doka hatimi, sannan wani ya ɗauke ta hoto a karkace ya ɗora. A waya sai ka buɗa da yatsu biyu kana ja hagu da dama kamar mai duba ƙwai a rana. Ba ka iya neman kalma a ciki, ba ka iya kwafar lamba. Wani abokin aikina makaho, wanda wayarsa ke karanta masa rubutu da murya, na ba shi ya gwada. Wayar ta ce masa "hoto", ta yi shiru. Ya miƙo min abata yana dariya.

Babban laifin dai rashin kwanan wata ne. Na samu jadawalin kuɗin makaranta har kala uku a wurare uku, babu wanda aka rubuta wa ranar da aka ɗora shi, babu wanda aka ce ya soke wani. Kalandar karatu da ke manne a gefe kuwa ta gabanin yajin aikin ASUU ce na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba ya hargitsa lissafin kowace jami'ar tarayya. Ita ba ta san an yi ba. Tana nan abinta.

Wannan ne ya ja mana asarar da har yau take min ciwo. Shafin ya ce ranar Litinin za a fara tantance sababbin ɗalibai. Na nemi izini a makaranta, muka yi asubanci ni da Auta, da fayil ɗinta, da hotunan fasfo, da takardar ƙaramar hukuma. Muka isa tsangayarsu muka tarar da ƙofa a rufe, an liƙa wata farar takarda da salatif cewa an ɗage sai mako na sama. Wani dattijo mai gadi ya dube mu da tausayi ya ce, "Malam, ai tun Juma'a aka ɗage. Ba kwa cikin guruf ne?"

Na ce, "Baba, wane guruf?"

Ya ce, "Na WhatsApp mana. Ai can ake faɗin komai."

A nan na gane yadda abin yake. Jami'a tana da shafi, amma bakinta yana WhatsApp. Sanarwa tana fitowa daga ofis, wani ma'aikaci ya ɗauka a waya ya tura wa wani ɗalibi, shi kuma ya jefa guruf, daga nan ta yi ta yawo har hoton ya dushe. Wanda yake ciki ya ji, wanda ba ya ciki ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu. Kuma sabon ɗalibi, wanda ya fi kowa buƙatar labari, shi ne bai san kowa ba balle a saka shi.

Inda babu muryar gaskiya guda ɗaya, macuta ba sa rasa wurin zama. Na ƙirga shafukan Facebook da ke ɗauke da suna da tambarin jami'ar, na gaji na bari, kuma shafinta na ainihi bai nuna wanne ne nata ba. A guruf ɗin su Auta wani ya saka lambar asusu wai ta masu son ɗakin kwana cikin sauri. Wata ƙawarta ta tura kuɗin da mahaifinta ya sayar da akuya ya ba ta. Shiru kake ji. Tun daga ranar na kafa wa Auta doka biyu: adireshin da bai ƙare da edu.ng ba kada ta saka lambar sirrinta a ciki, kuma kuɗin da ba ta RRR za a biya ba, ba na makaranta ba ne.

Ɗakin kwanan na gaskiya ma da ƙyar. An buɗe neman gado da daddare ba tare da sanarwa ba, kowa ya afka lokaci guda, fotal ya durƙushe. Ƙarfe biyu na dare ina zaune ina dannawa yana juyawa. Yaran shagunan intanet da ke bakin ƙofar jami'a su suka san daren da za a buɗe, su suka cike wa waɗanda suka biya su. Auta a gidan wata gwaggonmu ta yi zangon farko.

Sai batun gyara kuskure. An rubuta ranar haihuwarta ba daidai da ta NIN ba. Da farko mun ɗauka ƙaramin abu ne, sai da ta zo neman lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Shi wannan tsarin da bayanan da makaranta ta tura yake aiki, in ba su dace da naka ba, ka tsaya. Na tura saƙo ga imel ɗin taimako da ke ƙasan fotal, ya dawo min, wai akwatin ya cika. Lambar wayar kuwa a kashe take safe da yamma. Ƙarshe dai ƙafa ce ta yi aiki. Na sake ɗaukar hanya, na sami ofishin kwamfuta, wani matashi ya karɓi takardun, cikin minti biyar ya gyara. Na yi masa ƙorafin shafin, bai ji haushi ba. Ya ce, "Yallaɓai, mu fa ɗorawa kawai muke yi. Sanarwa sai ta fito daga ofishin magatakarda da sa hannu, wani lokacin sai abin ya wuce take iso mu. Tsohuwa kuma babu wanda ya ba mu izinin cirewa." Na yarda da shi. Matsalar ba ta kwamfuta ba ce. Babu dai mutum guda da aka ɗora wa alhakin cewa abin da ke shafin nan gaskiya ne a yau.

Rajistar kwasa-kwasai ta yi kyau a fotal, tana lissafa maka nauyin darussa, tana hana ka wuce iyaka. Sai dai bayan ka gama dole ka buga kwafi huɗu ka bi ofis-ofis neman sa hannu. Kitso ne aka yi a kan kwarkwata. Wani abin kuma da ya ba ni tsoro: jerin sunayen sababbin ɗalibai da aka ɗora, har da lambobin wayarsu, kowa na iya saukewa. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023. Ban yi mamaki ba da baƙin lambobi suka dami Auta da kira a makonnin farko.

Tunda sana'ata ba da maki ce: biyan kuɗi 8 cikin 10, duba sakamako 8, rajista 6, sanarwa 2, taimako 1, shi ma albarkacin wancan matashin. Da za a tambaye ni, ba sabon shafi nake so a kashe kuɗi a gina ba. A sauke hotunan nan, a sa tambayoyin nan huɗu a sama. Kowace sanarwa a rubuta ta da rubutun da waya ke karantawa, da ranarta a goshinta, tsohuwa a kawar. Tunda suna da lambar kowane ɗalibi, in an ɗage abu a tura gajeren saƙo, ko mai ƙaramar waya zai gani. Sannan a yi shafi guda da Hausa domin iyaye: kuɗin nawa ne, yaushe za a koma, ta ina ake biya. Yawancin masu biyan kuɗin nan da Hausa suke lissafi.

Makon jiya Auta ta turo min wani hoto daga guruf, wai an buɗe rajistar sabuwar shekara, za a rufe nan da kwana goma. Ƙasan takardar ya yanke, babu sa hannu, babu kwanan wata. Ta ce, "Yaya, gaskiya ne?" Na shiga shafin jami'ar, na jira shugaba ya zame, gini ya zame, na gangara lungun labarai. Sanarwar da ke sama ita ce ta tantancewar nan ta bara, har yanzu tana cewa ranar Litinin.