Oregon ko Utah: ina za a fara neman kakan da ya bi ayarin amalanke zuwa yammacin Amurka?

Wata 'yar'uwa a zaurenmu ta yi tambaya. Dangin mijinta Amurkawa ne, kuma sun gaji labarin cewa kakan kakansu ya tafi yamma da amalanken shanu wajen 1852. Wasu sun ce Oregon ya sauka, wasu sun ce Utah tare da mabiya cocin Mormon. Wanne ya fi sauƙin bincike, kuma ta ina za ta kama?

Malama, ki fara cire rai da samun jerin sunayen matafiya irin na jirgin ruwa. Babu hukumar da ke rubuta sunan mai fita daga Independence a jihar Missouri. Mutane kan haɗu da bazara, su zaɓi madugu, su kama hanyar da ta kai kilomita 3,500, tafiyar wata huɗu zuwa shida. Inda ayarin ya yada zango na ƙarshe, nan takarda take, kuma takardun wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne.

Ɓangaren Utah ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Coci ce ta tsara hijirar, daga 1847 zuwa 1868, mutum kusan 70,000, kowane ayari da madugunsa, yawancinsu da magatakarda. Sashen tarihi na cocin ya tattara wannan a rumbun intanet na kyauta: ki sa suna, ya ba ki ayarin, ranar tashi, ranar isa birnin Salt Lake na Utah, wani lokaci har da abin da abokan tafiya suka rubuta. Idan daga Turai mutumin ya zo, akwai jerin jiragen da suka taso daga Liverpool, da littattafan bashi na asusun da aka kafa a 1849 don ɗaukar nauyin talakawa. Inda ake tuntuɓe biyu ne. Jerin wasu ayarin bai cika ba, don haka rashin suna ba ya nufin bai je ba. Sannan idan daga Denmark ya zo, 'yan ƙasar a wancan lokaci kan ɗauki sunan uba kamar yadda muke yi, ɗan Jens ya zama Jensen, sai sunan gida ya sauya daga uba zuwa ɗa. Bishiyoyin dangi da jama'a ke ɗorawa a shafin binciken zuriya na FamilySearch kuwa, kada ki karɓi ko ɗaya sai kin ga takardar da aka jingina da ita.

Oregon ba ta da jerin ayari mai tsari haka. Abin da take da shi fili ne, kuma a ganinmu wannan ya fi ƙarfin hujja idan aka dace. Dokar rabon filaye ta 1850 ta ba namiji marar aure eka 320, ma'aurata eka 640, rabi da sunan matar, ga waɗanda suka iso kafin 1 ga Disamba, 1850. Wanda ya zo bayan nan har zuwa 1855 rabin haka ya samu, wato mutumin 1852 mai iyali eka 320. Kafin a mallaka masa sai ya zauna ya noma filin shekara huɗu, ya kuma yi rantsuwa a rubuce: shekara da wurin haihuwarsa, ranar da ya iso, ranar aure da gundumar da aka ɗaura. Maƙwabta ma sun yi shaida, kuma sau da yawa su ne waɗanda aka yi tafiyar tare. Ki nemi sunansa a shafin filaye na gwamnatin tarayya, ki kwafi lambar takardar, ki nemi cikakken fayil a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Da gundumar auren a hannunki, rajistar can za ta ba ki sunan gidan matar. Ki lura da abu biyu: filayen arewa da kogin Columbia sun koma ƙarƙashin sabon yankin Washington (jihar Washington ta yau) tun 1853, kuma dokar ta hana baƙaƙen fata, don haka ba za a same su a wannan fayil ba ko da sun yi tafiyar.

Abin da zai raba gardamar danginku tun farko shi ne ƙidayar jama'a. Ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci a gida, da shekarunsa da jihar haihuwa. Ki nemo gidan a 1850 a gabas, ki sake nemo shi a 1860 a yamma, ki dubi yaran. Idan mai shekara tara an haife shi a Missouri, ƙanwarsa mai bakwai a Oregon, to tsakanin 1851 da 1853 aka tsallaka. Ki gwada rubutun sunan ta hanya uku ko huɗu, domin mai ƙidaya abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Waɗannan ƙidayoyi ba su faɗi dangantakar mutanen gida ba, sai ta 1880, saboda haka yaron da ke ƙasan jeri zai iya zama maraya da aka riƙa.

Wanda kika gani a 1850 ya ɓace a 1860, ki tuna 1852 shekarar kwalara ce a bakin kogin Platte da ayarin ke bi, kuma yawancin kaburbura ba alama. Nan littattafan tafiya na matafiya ke amfani. Ƙungiyar kula da hanyoyin Oregon da Kalifoniya ta jera sunayen da ke cikinsu a rumbun Paper Trail.

Rumbun cocin bai fi aikin rabin sa'a ba, ki fara da shi. Idan babu, ki koma ƙidayar 1860 ta Oregon, daga nan fayil ɗin fili. Idan kuma kika tsince shi a Kalifoniya, ki duba ƙidayar jihar ta 1852, amma kada ki ɗauka da amalanke ya zo, da yawa ta teku suka bi, ta Panama.