Sayen manhaja ɗai-ɗai ko ƙunshi: abin da na gani a shagona na Tudun Wada

Shagona yana Tudun Wada, ba nisa da Kaduna Poly, kuma buga takardu ne abincinmu: firojet ɗin ɗalibai, katin ɗaurin aure, kalandar makarantun Islamiyya, takardar sakamakon jarabawa, sai fostar 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Kwamfutoci uku ne a shagon. Na daɗe ina wannan sana'a ban taɓa biyan kuɗin manhaja ba, kamar yawancinmu. Ka sayi kwamfuta ta hannu, mai gyara ya zura filash, ya loda maka Office da CorelDRAW da Photoshop da wasu tarkacen da ba ka tambaya ba, ka ba shi na ruwa, shi ke nan. Duk jabu ne, mun sani, shi ma ya sani.

A 2021 na daina. Wata ɗaliba ta kawo firojet ɗinta, shafi sama da 90, saura kwana biyu ta miƙa. Muna cikin gyara sai kwamfutar ta fara rufe kanta, fayiloli suka riƙa komawa wasu sunaye da ba sa buɗuwa. Ƙwayar cuta ce, kuma ta cikin wata manhajar jabu da aka ƙara mana a makon ta shigo. Yarinyar nan ta zauna a benci tana kuka, ta ce, "Baba, yanzu ya zan yi?" Allah ya taimaka akwai tsohon kwafi a wayarta, muka kwana biyu muna sake bugawa. Abin ya tsaya mini a rai. Dama wani malami da nake yi wa aikin kalanda ya taɓa ce mini, "Malam, kayan da kake neman halal da shi, ka san haƙƙin wa ke ciki?" Ranar na yi shiru. Bayan kukan yarinyar nan na ce to, ya isa.

Da na tashi saye sai na tarar da hanya biyu. Ko dai ka sayi ƙunshi, wato manhajoji da yawa a ɗaure wuri guda da farashi ɗaya, irin Microsoft Office ko CorelDRAW Graphics Suite, ko kuma ka shiga rumbun saukar da manhaja da ke cikin kwamfutarka, ka tsinci guda ɗayan da kake buƙata ka biya. Na bi duka biyun, kuma na yi shekaru a kansu, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa.

Rumbun da na yi amfani da shi Microsoft Store ne, wanda ya zo da Windows 8 a 2012 da sunan Windows Store. Abu na farko da ya burge ni shi ne sauƙi. Babu faifai, babu doguwar lambar nan da ake kwafowa daga jikin kwali, babu jiran mai gyara. Ka nemi abu, ka ga farashinsa, ka karanta abin da waɗanda suka riga ka saye suka ce, ka biya, ya sauka da kansa. Manhajoji biyu na saya a can, ɗaya ta tsara shafi, ɗaya ta gyaran hoto, kowace kusan dala 50, biya ɗaya babu ƙari. Ba zan kama sunansu ba, domin hanyar sayen nake yi wa sharhi, kuma akwai inda ɗayarsu ta gaza mini, zan zo kai.

Kafin in biya, sai da na zauna da biro na rubuta abin da muke buɗewa a shago daga safe zuwa dare, har tsawon mako biyu. Wannan zaman shi ne babbar ribar da na ci a duk harkar. A kwamfutar da mai gyara ya cika mana da manhajoji sun fi 30, huɗu kacal muke taɓawa. Sauran suna nan sun cinye wuri, suna jan injin, wasu ma suna tashi da kansu duk lokacin da aka kunna. Idan abu kyauta ya zo maka, ba ka tambayar kanka ko kana buƙatarsa. Ranar da za ka ciro kuɗi daga aljihu a kan kowace guda, ranar za ka san sana'arka da kyau. Tsofaffin kwamfutocina har saurinsu ya dawo bayan na share komai na bar abin aiki kawai.

To amma kada wani ya ɗauka cewa ɗai-ɗai kullum ya fi araha. Na shiga da wannan tunanin, Office ya gyara mini lissafi. Ni Word nake so, sai Excel don takardun sakamakon makarantu. Ana sayar da kowannensu shi kaɗai, amma da na duba sai na ga kuɗin Word shi kaɗai ya haura na ƙunshin gida mai ɗauke da Word da Excel da PowerPoint, wanda ake sayarwa dala 149.99 a lokacin. Da farko abin ya ɗaure mini kai. Daga baya na gane dalili: ƙunshin gida ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, don gida da karatu aka yi shi. Mai shago irina sai dai ya ɗauki na gida da kasuwanci, dala 249.99 a lokacin, wanda aka ƙara wa Outlook. Idan ka haɗa kuɗin Word da Excel ɗai-ɗai, sun wuce haka nesa. Ke nan da zarar buƙatarka ta kai biyu, ƙunshi ya yi nasara. Shi na saya, Office 2021, na kwamfuta ɗaya. PowerPoint da na ɗauka ba ruwana da shi, yanzu duk kakar kare firojet shi ke kawo ciniki, ɗalibai na layi a tsara musu abin da za su haska wa malamansu.

Ba kowane kamfani ke tsara farashi haka ba. Lokacin da Apple ya buɗe nasa rumbun na kwamfutocin Mac a watan Janairun 2011, ya kwance ƙunshinsa na iWork, ya sa Pages da Numbers da Keynote kowanne dala 19.99, alhali kwalin da ke ɗauke da ukun dala 79 ne. A can, ko duka ukun ka saya ɗai-ɗai ka fi samun sauƙi. Daga baya ma ya sake su kyauta. Don haka babu wata doka guda, sai mutum ya ɗauki biro ya yi lissafin abin da ke gabansa.

Sauran kwamfutocin biyu na sa musu LibreOffice, ƙunshi ne shi ma, kyauta kuma halal. Wasiƙa, takardar neman aiki, rasit, duk yana yi lafiya lau. Firojet mai teburori da yawa da lambobin shafi iri biyu kuwa, wanda ɗalibi ya fara a Word kuma malaminsa a Word zai duba, a kan babbar kwamfutar muke gama shi.

Yanzu ga inda ɗai-ɗai ya ba ni wahala, kuma nan ne nake so masu irin sana'ata su tsaya su karanta da kyau.

Manhajar tsara shafin da na saya tana da kyau ƙwarai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fita tsaf muddin ka zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da su. Sati uku ina murna. Sai aikin kalandar wata Islamiyya ta Unguwar Sanusi ya zo, da ayoyi da sunayen watannin Musulunci. Na liƙa Larabcin, haruffa suka warwatse, kowanne ya tsaya shi kaɗai, kuma suka jeru daga hagu zuwa dama. Manhajar ba ta san rubutun da ke farawa daga dama ba. A garin nan, inda kusan kowane katin aure da Bismillah yake farawa, wannan ba ƙaramar naƙasa ba ce. Waɗanda suka yaba mata a rumbun ba ƙarya suka yi ba, aikinsu ne bai haɗa da Larabci ko ajami ba. Dole na koma ina rubuta Larabcin a Word, in mayar da shi PDF, sannan in ɗauko shi in ɗora kamar hoto. Yana yiwuwa, amma kowane gyara na wasali ɗaya sai ka sake zagayen nan, kuma aya ba abin da ake wasa da wasalinta ba ne.

Na biyu, maɗaba'a. Mu ƙananan shaguna ba mu da manyan injuna, idan aiki ya kai kwafi 500 ko 1,000 sai mu kai cikin gari. Can kuwa yaren kowa CorelDRAW ne. Ranar farko da na kai aiki, mai injin ya juya filash ɗina ya ce, "Alhaji, ina na Corel ɗin?" Na ce PDF ne, an riga an daidaita launukansa don bugawa. Ya ce, "To idan an samu kuskure a suna fa, wa zai gyara?" Gaskiyarsa. Sun saba a kawo musu fayil su buɗe, su matsar da wannan, su gyara wancan, su jera katin a faranti yadda takarda ba za ta yi asara ba. Da PDF hannunsu a ɗaure yake. Sau biyu ina hawa keke-napep in koma Tudun Wada saboda harafi ɗaya. Yanzu mun fahimci juna, nakan tace aikina sau uku kafin in fita, shi kuma ya yarda yana karɓa. Amma duk wanda yawancin aikinsa maɗaba'a yake ƙarewa, ina ba shi shawara ya tara kuɗi ya sayi abin da masu injin ke amfani da shi. A nan darajar ƙunshi ba yawan abin da ke cikinsa ba ne, kasancewar kowa a layin da shi yake aiki ne.

Biyan kuɗin ma wani aiki ne. Sanda na fara saye, katin naira yana iya biyan dala 100 a wata. A 2022 bankina ya rage zuwa dala 20, daga baya ya rufe gaba ɗaya. Office ɗin ma ta asusun dala na wani ɗan'uwana na biya. Ga data, domin manyan manhajoji gigabait ne ba kaɗan ba, kuma sabuntawa ba ta ƙarewa. Da dare nake saukewa, idan an kawo wuta.

Akwai hanya ta uku da ta shigo tsakani, wato haya. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon ƙunshi na biya ɗaya, ya koma karɓar kuɗi wata-wata, Microsoft ma yana da irin wannan tsari da yake kira Microsoft 365. Na gwada hayar wani ƙunshin zane na 'yan watanni a 2023, da katin dala na cikin waya. Kayan ba su da aibu, har Larabcin da ya gagare ni a can, a nan ya zauna daram. Matsalar daga aljihuna take. A watan Yunin shekarar aka saki naira, dalar da ake lissafawa kusan 460 a hukumance ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500. Ga man janareto ya ninka tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayu. Farashin haya a dala bai motsa ba, amma a naira kullum hawa yake, ni kuwa ba zan iya ninka wa ɗalibi kuɗin shafi ba. Cikin manhajojin da nake biya wa haya, biyu nake buɗewa. Na tsayar. Su kuwa waɗanda na saya biya ɗaya a 2021, duk wannan guguwa ba ta taɓa su ba, suna nan suna aiki.

Ranar da na fi gode wa Allah da sayen rumbu ita ce ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona ma'ajiyar babbar kwamfutar. A da, wannan na nufin yini guda a shagon mai gyara, da sake loda jabu, da addu'ar kada a haɗo da cuta. Wannan karon na sa sabuwar ma'ajiya, na shiga da asusuna, na buɗe jerin abubuwan da na taɓa saya, ga su nan suna jirana. Na danna, suka sauka, ban ƙara ko kwabo ba. Office ma a asusun yake ɗaure, haka na dawo da shi. Kafin la'asar mun ci gaba da aiki. Sai dai mutum ya riƙe asusun nan kamar takardar fili. Ni na rubuta bayanansa a littafi na ajiye a gida, kuma lambar wayata ce a kai, ba ta yaran shago ba.

Biya ɗaya kuma ba ya nufin har abada. Office 2021 da na saya, Microsoft ya sanya watan Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen kula da shi. Windows 10, wanda tsofaffin injuna da yawa a garin nan ke kai, kulawarsa ta ƙare a Oktoban 2025. Manhajar ba za ta mutu ranar ba, amma gyaran tsaro ya tsaya, kuma shagon da filash ashirin ke shiga cikinsa a yini bai kamata ya yi sakaci da wannan ba. Idan na raba dala 250 a kan shekara biyar, ban ga na yi asara ba.

Wani yarona da ya yi shekara huɗu a hannuna zai buɗe nasa shagon a Rigasa, da kwamfuta ɗaya da injin buga takarda ɗaya. Ya zo ya ce, "Oga, me zan fara saye?" Na ce ya sa LibreOffice ya fara da shi, ya ɗauki littafi ya riƙa rubuta irin aikin da ke shigo masa har wata guda. Idan ɗalibai ne suka fi yawa, kuɗinsa na farko ya tafi ga Office na kasuwanci. Idan katin biki da fosta ne, ya je ya tambayi mai injin da zai riƙa kai wa aiki irin fayil ɗin da yake karɓa. Duk wata ƙaramar manhaja kuma ya tsince ta ɗai-ɗai a rumbu, amma kafin ya biya ya nemi ta gwaji, ya liƙa mata Bismillah da kalmar "ƙwarƙwara" ya ga yadda za su fito. Ya rubuta a bayan rasit, ya ce ranar Asabar zai kawo kwamfutar mu loda tare.